Gadon da Aka Rataya a Bangon Jirgi

Ranar Talata na hau jirgi da 'yata, kuma tun daga ranar ba ta sake kwana a gidana ba.

Na san kun saba a wannan shafi budurwa ce ke ba ku labari, tana kuka tana kwatanta muku kalar leshinta. Ni ba ni da leshi. Na haura arba'in, aikina gyaran kurakurai a maɗaba'a. A kawo mini littafin wani kafin a buga, in zauna da jan biro ina farautar inda ya yi tuntuɓe. Wanda ya daɗe a wannan sana'a ba ya iya karanta komai da zuciya ɗaya, ko katin gaisuwa ne. Matata takan ce ko kyauta aka ba ni sai na juya bayanta ina neman inda aka liƙe.

Ta rasu kwanaki kaɗan bayan ta haihu. Jininta ya hau, likitoci suka yi ta gudu a baranda, daga baya ɗaya daga cikinsu ya fito yana tafiya a hankali. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kai.

Ta bar mini yarinya mai haɗe gira. Tun ranar farko haka take kallon mutane, kamar an kawo mata takardun jarrabawa ta duba ba ta ga abin kirki ba. Na laƙaba mata Farfesa.

Ta kuma bar mini ƙanwarta, Auta. Auta ta zo ne don ta taya yayarta jego, sai abin ya zama zaman makoki, kowa ya watse ita ta tsaya. Malamar makaranta ce, ta kai talatin, ba ta da miji, ba ta kuma tsoron kowa. Ita da wata goggona mai nauyin ji suke kwana a ɗakin baƙi, don kada maƙwabta su samu abin taunawa. Ita ke yi wa Farfesa wanka. Ni ke haɗa madara, ni ke dafa fida, ni ke tashi idan ta yi kuka. Mun raba aikin kamar ƙasashe biyu da ba sa ga maciji amma kogi ɗaya suke sha.

Yarinyar ba ta cika wata biyu ba babban yayansu ya bugo mini waya. Mutum ne mai taushin murya, irin muryar da ake sanar da mutum an kore shi daga aiki.

"Ka san Mama ba ta iya doguwar tafiya, ga ƙafa ga zuciya. Ba ta ga gawar 'yarta ba. A bari ta ga jikarta. Sati biyu kawai."

Na ce to, zan nemi tikiti.

Ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. An riga an saya."

Ana gobe za mu tafi na shiga ɗakin yarinyar na tarar Auta ta baje akwati biyu a ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon abin da ke shiga. Rigunan da take sawa yanzu, wannan daidai ne. Sai rigunan da aka kawo na barka, waɗanda ko hannunta ba zai leƙo ta cikinsu ba sai baɗi. Sai wani ɗan jan takalmi mai maɗauri.

Na ce, "Farfesa tattaki za ta yi a can?"

"Kyautar ƙawayen Yayata ce. Mama za ta so ta gani."

"Katin rigakafin fa? Allurarta ta gaba sai wata mai kamawa."

"Idan zazzaɓi ya kama ta a can, likita da ka zai yi aiki?"

Abin da ke ba ni haushi da Auta ke nan. Kowace amsarta tana tsaye da ƙafafunta. Ka zagaya ta gaba da baya ba ka ga inda za ka sa jan biro ba, amma hancinka yana gaya maka akwai abin da ya ruɓe a shafin.

Ni ma ban zauna haka ba. Na karanta duk abin da aka rubuta a kan hawa jirgi da jariri. Na san kunnensu yana toshewa lokacin tashi da sauka, sai an ba su abin tsotsa. Na san akwai ɗan gado da ake ratayawa a bangon da ke gaban layin farko, kuma ba su da yawa, sai wanda ya riga nema. Na san yana da iyakar nauyi, har na ɗora Farfesa a kan sikelin kicin cikin roba, tana harara ta. Na kira kamfanin jirgin in nemi gadon, wata murya mai zaƙi ta ce mini wanda ya sayi tikitin ya riga ya nema. Na ajiye wayar ina tunanin tun yaushe surukina ya fara sanin gadon jarirai, mutumin da 'ya'yansa ke gaishe shi daga bakin ƙofa.

Da safe muka isa filin jirgi. Auta cikin doguwar riga ruwan toka da mayafi shuɗi, da takalmin gudu, kamar mai shirin tsere da wani abu. Farfesa cikin riga ruwan ɗorawa mai hoton agwagi, da hular da uwarta ta saƙa mata ba ta ƙarasa bakin ba. Ni na rungumo ta, jakar madara a kafaɗa, fasfo uku a aljihun gaba.

Yarinyar da ke wajen auna kaya ta danna na'urarta, ta yi murmushi.

"Madam da jaririya layin gaba, gadonku yana nan. Oga kai kana can baya, bakin hanya."

Na ce akwai kuskure. Ni ne uban.

"Babu kuskure, oga. Jariri ba shi da kujerarsa, a jikin tikitin babba guda ake ɗaura shi. Wanda ya saya a kan Madam ya ɗaura ta. Gadon kuma yana bin wanda aka ɗaura wa."

"Ba Madam ɗina ba ce."

Ta kalle ni, ta kalli Auta, ta mayar da idonta kan na'ura kamar ta taka abin da bai kamata ba. "Kuna iya musanya kujera a ciki. Gado biyu ne a layin, ɗayan wata mai jego ce ta kama."

Auta ta miƙa hannu ta karɓi takardun shiga, ta haɗa da fasfo ɗin yarinyar tunda tare za a duba su. "Ka ji dai, Yaya. Za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da matar mutane tana shayarwa?"

Wata amsar mai ƙafafu. Na miƙa mata 'yata a bakin ƙofar jirgi, na wuce baya da jakata kamar wanda ya rako.

Maƙwabcina ɗan kasuwa ne, tayal yake sarowa. Ya cika kujerarsa ya ci rabin tawa. Kafin a rufe ƙofa na san farashin kaya ya lalace, na san ciwon sukarinsa, na san ɗansa na biyu ba ya ji. Ya ga ina ta miƙa wuya.

"Amarya ce a gaba?"

"Ƙanwar matata ce."

"Uwargidan fa?"

"Ta rasu."

Ya cire hula ya yi addu'a, har ga Allah da gaske ya yi. Ya mayar da hular, sannan ya matso da bakinsa.

"To ai sun gama yi maka zaɓi, malam. Ba a haɗa mutum da ƙanwa a jirgi don ta riƙe masa jaka. Ni haka aka yi wa wana. Yana kuka ana auna shi ɗinki."

Na ce masa na gode da ta'aziyya.

Wayata ta yi motsi. Babban Yaya ne: "Allah ya kawo ku lafiya. An tanadi komai." Na daɗe ina kallon wannan komai ɗin. Daga inda nake ina hango saman mayafin Auta, kanta a sunkuye, gwiwar hannunta tana motsi irin na mai rubutu da sauri. Na tura mata saƙo.

"Ki ba ta fida idan jirgi zai tashi, saboda kunne."

"Na sani."

"Sun ba ki ƙaramin bel ɗin da ake ɗaura ta a jikin naki?"

"Sun ba ni."

"Da wa kike magana?"

"Yaya, an ce a kashe waya."

Jirgi ya tashi. Na kasa kunne ta cikin rugugin inji ina jiran kukan da na sani a cikin kukan yara dubu. Shiru. Ban san ko daɗi na ji ko haushi ba.

Da muka daidaita a sama aka kashe fitilar bel, sai ga ma'aikaciyar jirgi ta fito da abin a hammata. Ta buɗe shi, ta cusa ƙarafunansa biyu cikin ramukan da ke jikin bango, ta jijjiga ta ga ya kama, ta shimfiɗa farin ƙyalle. Ɗan kwando ne mai launin toka, bai fi aljihun tebur ba. Na ga hannuwan Auta sun ɗaga Farfesa sun sa a ciki, aka ja wani faffaɗan maɗauri a kan cikinta. Ga 'yata a rataye a bango kamar agogo, ni kuma a baya ina kallon ƙeyar mutane.

Ma'aikaciyar ba ta tafi ba. Ta durƙusa, suna magana da Auta. Ba na jin komai, hannuwa kawai nake karantawa. Auta ta nuna gadon. Ma'aikaciyar ta gwada tsawonsa da tafukanta biyu. Sai Auta ta miƙa hannu cikin hanya, ta daidaita tafinta sama da ƙasa, wajen tsayin gwiwar babba, kamar mai dafa kan yaron da ke tsaye. Ma'aikaciyar ta girgiza kai tana dariya, ta nuna kujera.

Na tashi in je. Keken abinci ya tare hanya, aka ce in koma. Na sake tashi, wani dattijo yana lalube a ma'ajiyar sama. Mai tayal ya ce, "Zauna, malam, ba inda za su gudu da ita. Ƙofar a kulle take."

Can wajen tsakiyar tafiya Auta ta miƙe ta yafito ni.

"Zo ka tsare mini ita, zan zagaya. Banɗakin gaba da mutum."

Tsare mata. Na haɗiye wannan, na zauna a kujerarta da ɗuminta. Mai jegon da ke gefe ta yi barci baki buɗe, nata ɗan yana cikin ɗaya gadon. Na leƙa. Farfesa tana barci hannuwa sama kamar wadda 'yan fashi suka tare, girar nan a haɗe. An lulluɓe ta da zanen uwarta, kore mai ganye-ganye, wanda na nema a gida na rasa. Na sa yatsa kusa da hancinta. Kullum sai na yi haka, kada ku tambaye ni sau nawa.

Ban daɗe ba jirgin ya yi wata irin girgiza, kofuna suka yi ƙara. Fitilar bel ta kama. Matuƙi ya yi magana da muryar nan tasu ta mutumin da ke kwance a kan gado. Ma'aikaciyar ta iso da sauri.

"Oga, a fito da ita. Ba a barin jariri a gado idan fitila ta kama."

"Barci take yi."

"Ko me take yi."

Na zare maɗaurin na ɗauko ta. Ma'aikaciyar ta zura ƙaramin bel a cikin nawa, ta zagaya shi a ƙugun yarinyar, ta danna. Ta tashi mai jegon ita ma. Na waiga, na hango Auta ta fito daga banɗakin baya, wani ma'aikaci ya tura ta kujera mafi kusa da babu kowa, wato tawa. Mai tayal ya samu sabon kunne.

Ma'aikaciyar ta saukar da 'yar kujerarta da ke bakin ƙofa, ta ɗaure kanta, muna kallon juna. Jirgin yana ta faɗawa rami yana fitowa. Farfesa ta buɗe ido ɗaya, ta duba aikin matuƙin, ta koma barci a ƙirjina.

Na ce bari in yi amfani da damar. "Idan za mu dawo nan da sati biyu, ya zan yi a sa gadon nan a kan sunana?"

"Ka kira ofis su mayar da ita kan tikitinka." Sai ta ɗan karkata kai. "Sati biyu? Au, na ɗauka daɗewa za ta yi. Ɗazu Madam ke tambayata ko 'yar shekara biyu tana shiga gadon. Na ce mata ina, lokacin ai ta zama mai kujerarta."

Ta faɗa ne da fara'a, irin ta mai taimako. Na ce mata na gode. Akwai wani sanyi da nake ji idan na kama kuskuren da na daɗe ina zargi a littafi, daɗi ne mai ɗaci. Wannan karon ɗacin kawai na ji. Na matse yarinyar har ta yi ƙorafi.

Da iska ta lafa aka kashe fitila, mai jegon ta ɗauki ɗanta ta tafi canza masa kunzugu. Auta ta dawo ta tsaya a kaina.

"Kawo ta in mayar. Abokinka ya ce in gaya maka yana goyon baya, ban san na mene ne ba."

"Zauna."

Ta kalli fuskata, ta zauna a kujerar matar.

Na ce, "Shekara biyu."

Ba ta yi fuskar mamaki ba, wannan na yaba mata. Ta gyara mayafinta, ta kalli gadon da babu kowa ciki.

"Sun ce sai an yaye ta daga madara ta yi wayo. Mama da Babban Yaya. An yi wa ɗakin Yayata na da fenti, an sayi gado."

"Ke kuma aka ba ki aikin dako."

"Aka ba ni aikin rakiya. Da ban zo ba matar Babban Yaya za a turo, ita ko gaisuwa ba za ka samu ba."

"Sai kuma me? Bayan shekara biyun a ce yarinya ta saba da ke, ba a raba ku, ga hanya mai sauƙi?"

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kada ka yi wa kanka kirari, Yaya. An kawo wannan maganar tun kafin a share makoki. Ban bari sun kai ƙarshen jimlar ba. Yayata ta iya da kai don ita mai haƙuri ce, ni da a sati na farko zan buga maka ƙamus a ka."

Na yi tsammanin wannan zai sanyaya mini rai. Ban ga alama ba.

"Me ya hana ki gaya mini a gida?"

"Da ka zo?"

"A'a."

"To Mama fa? A bari ta mutu ba ta ga yarinyar ba don kai da Babban Yaya kuna gwada ƙashi?" Ta rage murya, don na bayanmu ya daina motsi. "Na ce musu ba daidai ba ne. Tun daga gida nake faɗa da su a waya, kana can kana leƙen ƙeyata. Mama ta ce idan mun sauka za ta tambaye ni abin da na gani a gidanka, kuma ba zan yi mata ƙarya ba."

"Me kika gani?"

"Na ga kana dafa fidar da ka riga ka dafa. Na ga kana cin abinci a tsaye, idan ka ci. Na ga ka tafi aiki da takalmi kala biyu. Ranar nan na same ka a kicin ka yi barci a jingine da firji, ruwa yana tafasa, ita tana kafaɗarka."

"Ban sake ta ba."

"Ba ka sake ta ba. Shi ma zan faɗa."

"Kuma wa ya ce miki tambaya Mama za ta yi? Wanda zai yi tambaya ba ya fara yin fenti."

Wannan ce amsa ta farko da Auta ta rasa. Mai jegon ta dawo, Auta ta miƙe ta ba ta wuri, ta miƙo hannu.

Na ce, "Ba zan tashi ba."

Ta kalli matar. Matar ta gyara ɗanta a cinya ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. "Zauna abinka, malam. Ni ma namiji na haifa."

Auta ta koma wajen mai tayal.

Na mayar da Farfesa cikin gado, na zauna ina tsara jawabi. Na iya jawabi. Na jera haƙƙin uba, na jera abin da doka ta ce da abin da malamai suka ce, na tanadi wata magana mai kaifi musamman don Babban Yaya, a kan mutumin da ke sayen tikiti da hannu ɗaya yana saye 'ya'yan mutane da ɗayan. Na goge, na gyara, na sa waƙafi. Da a takarda ne da babu mai samun inda zai sa biro.

Aka zo aka cire gadon don za mu sauka. Ma'aikaciyar ta naɗe shi ta tafi da shi, bango ya koma bango mai ramuka biyu. Na ɗaura yarinyar a jikina, na fito da fida tun kafin lokaci, kamar yadda littafi ya ce.

Jirgi ya fara gangarowa, Farfesa ta tsage da kuka.

Ba kukan yunwa ba ne, ba na jiƙa ba ne. Wani ne da ban taɓa ji ba, siriri mai huda kai. Na sa mata fida ta ture. Na sake sawa ta sanƙare, fuska ta yi ja, ƙafafu suna harbi. Na jijjiga, na shafa baya, na yi mata 'yar waƙar da nake yi, wadda ba waƙa ba ce, sunayen haruffa ne. Madara ta zube mini a riga. Mutane suka fara waigowa da fuskar nan ta ina uwarta. Na waiga ni ma. Auta ta miƙe rabi, ma'aikaci ya ce ta zauna.

Mai jegon ta sa hannu ɗaya ta kama gwiwar hannuna, ba ta nemi izini ba.

"Ɗaga ta tsaye. A'a, kanta a nan. Kana riƙe ta kamar za a ƙwace. Sassauta. Kada ka tura mata, shafa mata a kumatu ta nema da kanta."

Na sassauta. Na shafa. Farfesa ta juya baki tana shessheƙa, ta kama, ta haɗiya. Ta sake haɗiya. Kukan ya koma gunaguni, irin na wadda za ta kai ƙara daga baya.

Matar ta ce, "Na fari ce?"

Na ce eh.

"Ni wannan na huɗu ne, kuma har yau uwata nake kira. Ba wanda ya iya shi kaɗai, malam. Masu cewa sun iya ƙarya suke yi."

Ta koma kan ɗanta. Ni kuma na zauna da rigata a jiƙe, jawabina yana zubewa sakin layi bayan sakin layi. Duk abin da na tsara a kan cewa na iya ne. Su kuma duk shirinsu a kan cewa ban iya ba ne. Kuma su ne da gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na tuna surukata, matar da ta raini shida ta binne ɗaya daga nesa, tana zaune a gidan da aka yi wa fenti tana jiran a kawo mata wani abu ta riƙe. Ba a taɓa gaya mini tana son yarinyar don ta raba ni da ita ba. Kafin tayoyin jirgi su taɓa ƙasa na samu wata magana, gajera, ba ta da ado ko kaɗan. Na yi ta maimaita ta a zuci don kada in gyara ta ta lalace.

A layin duba fasfo muka haɗu da Auta. Da aka buga hatimi, ta zo wucewa ta gefena ta zura fasfo ɗin yarinyar cikin aljihun rigata, ta yi gaba. Har yau ban sani ba ko taimako ne, ko wanke hannu.

Ƙofar gilashi ta buɗe. Babban Yaya ne a gaba da farar riga, ya ware hannuwa. Bayansa matarsa, da wasu mata biyu, da surukata a keken marasa lafiya. Ta ƙanƙance. Goshin matata ne a fuskarta, da yadda take ɗan karkata kai idan tana neman wani a cikin taro. Ban shirya wa wannan ba.

Na durƙusa a gabanta da yarinyar a ƙirji. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ganni ba, idonta yana kan hular da ba a ƙarasa ba. Ta miƙo hannuwa. Wane ne zai hana? Na sa mata ita a cinya. Ta sunkuya ta shinshini wuyanta, ta shinshini zanen, sai kafaɗunta suka fara rawa ba sauti. Matan suka rufe su.

Na ce, "Mama."

Babban Yaya ya dafa ni ya ɗaga ni tsaye. "Sannu da hanya, sannu da ƙoƙari. Dubi rigarka. Ka gaji, an kama maka ɗaki a otal ka huta, gidan cike yake da mata. Gobe ma yi magana a natse."

Na ce, "Mama, ina da magana."

Aka juya keken. Muka fito bakin titi ana ta sannu da zuwa, mai tayal ya wuce da kayansa yana ɗaga mini babban yatsa. Mota biyu ce ke jira. A bayan ta farko an riga an ɗaure kujerar jarirai, sabuwa, ko ledar ba a gama cirewa ba. Aka ɗaga surukata aka sa, aka sa Farfesa, Auta ta shiga ta ɗaya gefen ba ta waigo ba. Direban mota ta biyu ya karɓi jakata, har da ta madarar, sai da matar Babban Yaya ta dawo da gudu ta amshe.

Washegari mun yi magana a natse, ni da Babban Yaya, a falo, Mama tana ciki an ce ba ta jin daɗi. Jawabin farko na yi masa, har da maganar tikitin. Ya saurara har ƙarshe ya ce a kawo mini shayi. Gajeriyar maganar ba tasa ba ce, ta Mama ce, kuma lokacinta ɗaya ne, sa'adda yarinyar take hannuna. Bayan an karɓe ta, ko na faɗa dabara za a ce.

A ranar dai, a filin jirgi, motarsu ta tashi a hankali saboda jaririya. Na tsaya a bakin titi da fasfo a aljihu, ina kallon bayan kan tsohuwar ta gilashi. Abin da na so in gaya mata ke nan: Mama, ban iya ba. Kada ki karɓe ta, ki zo gidana ki koya mini.